Azumin da Jirgi Ya Yi Mana Feshi

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar damina. Tun ranar da aka ga wata ruwa yake zuba a Agege, kwata ta cika ta tumbatsa, jikokina suna ta ƙorafin gawayi ya jiƙe, wai kunun buɗa-baki ba zai nuna da wuri ba. Ina kan tabarmata ina jin su. Shekara talatin da 'yan kai ke nan rabona da azumi cikin irin wannan ruwa, kuma wancan ɗin ban cika son tuna shi ba. Amma bana ya ƙi barina.

Lokacin ban wuce shekara ashirin da uku ba. A Ikko aka haife ni, kakana soja ne da ya zo daga Arewa bai koma ba, aure ne ya kawo ni Zangon Agege. Maigidana Malam Sule mahauci ne. 'Ya'yanmu biyu, Ladi mai shekara huɗu da Habu ɗan wata bakwai.

Agege ta wancan zamani ba ta wuce tashar jirgin ƙasa da kasuwar goro da Zango ba, sai unguwannin Yarabawa, sauran duk gonaki ne. Inda yanzu aka jera garejin motoci da shagunan kayan gini, itatuwan goro ne da koko har inda ido ya tsaya. Gonar da ta fi girma ta wani kamfanin Turawa ce, an zagaye ta da waya, ɗan rafi ne kawai tsakaninta da bayan gidajenmu.

Daminar ta zo da ƙarfi. Sai a yi kwana uku sama ba ta ɗauke ba. Itace jiƙe, in za ki hura wuta sai hawaye sun wanke miki fuska. Ga shi ruwa ya cinye wata gada a hanyar dogo can wajen Arewa, jirgi ya yi kwanaki bai sauko ba, babu gero, babu shanu. Mahauta biyar suke haɗuwa a kan sa ɗaya. Da kunun masara muke buɗa baki, sahur kuma garin rogo da ɗan manja, ranar sa'a a samu ƙashi a jefa a miya. Gidanmu na haya ne mai ɗaki takwas, mu mata muna daka tare a ƙarƙashin rumfa, turmi uku, wannan ta gaji waccan ta karɓa. Mai ɗakin da ke jikin nawa Iya Sikira ce, Bayarabiya mai sayar da ganyen naɗe goro, mace mai jiki da murya. Rijiyar gidan ta koma laka, don haka ruwan sama muke tarawa a duro da randuna a bakin kwano. In kuma rana ta ɗan leƙo, kowa sai ya fito da shanyarsa a guje: tsaki, barkono, kuɓewa, tsummokaran yara.

Abin da ba mu sani ba, masu gonar nan su ma ranar suke jira.

Ranar shida ga azumi, da hantsi, gari ya washe. Ina baza tsaki a faifai sai na ji ƙara daga wajen rafi. Mun saba ganin jiragen sama can nesa suna sauka Ikeja, amma wannan ƙarami ne, rawaya, yana tafe ƙasa-ƙasa har ina hango kan mutumin da ke ciki. Wani farin abu yana fita daga ƙarƙashin fukafukansa. Ya ratsa gonar, ya zo ya yi kwana a kan rufin gidajenmu, farin abin bai daina zuba ba. Yara suka bi shi suna ihu suna tafi.

Sai abin ya sauko mana, yayyafi mai maiƙo, warinsa kamar kananzir da aka zuba wa ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Idanuna suka kama raɗaɗi. Na leƙa duro na ga wani abu yana ƙyalli a saman ruwan. Kafin azahar kajin gidan sun fara layi suna faɗuwa. Da la'asar matan da suka je wanki suka dawo suka ce kifi ya taso a rafi, ciki sama. Maigidana ya dawo daga kasuwa da rabin namansa a kai, ya ce ba wanda ya yarda ya saya, shi ma ba zai sayar wa mai azumi abin da bai san me ya zubo a kansa ba. A bayan gida ya binne shi. Ranar, da aka kira magariba, gidan mutum talatin babu ruwan da za a sa a baki, sai da Iya Sikira ta fito da wata randa da ta rufe a ɗaki aka bi mu da moɗa ɗaya-ɗaya.

Washegari Sarkin Zango da liman da Sarkin Fawa suka haɗu da dattawan Yarabawa suka tafi ofishin gonar. Maigidana yana cikin masu rakiya. Ya ce sun tsaya a baranda har rana ta take, manajan bai fito ba, akawunsa ya turo. Akawun ya ce musu maganin ƙwari ne da ke cin koko, ba ya yi wa mutum komai, ai har sauro zai kashe mana, godiya ya kamata mu yi.

Liman ya ce, "To kajin fa?"

Ya ce, "Baba, kaji ai kullum mutuwa suke yi. Ku dinga rufe tukwanenku."

Ya yi alkawarin za a riƙa aiko mutum ya sanar kafin jirgi ya tashi. Ba a taɓa aikowa ba. Jirgin ya sake zuwa ranar goma sha ɗaya. Muka koyi gudu: da an ji ƙara sai a kwashe yara da shanya, a kife faifai a kan randa. Aka sa wani malamin makaranta ya rubuta takarda, kowane magidanci ya dangwala yatsa, aka kai wa hukuma a Ikeja. Shiru.

Ranar goma sha bakwai aka wayi gari da rana mai zafi bayan ruwan kwana huɗu. Ɗakinmu ya yi sanyi, bango na tsatsafo, Habu yana ɗan tari. Na ce bari ya sha rana. Na shimfiɗa masa zane a tsakar gida kusa da Ladi, na ɗauki bokiti na tafi famfon tasha, tun da mun daina shan na duro. Layin ya yi tsawo. Saura mutum biyu a gabana na ji ƙarar.

Na yar da bokitin. Na faɗi sau biyu a cikin laka kafin na kai gida. Na tarar da Ladi ta rungume Habu tana ƙoƙarin ja, ta kasa ɗaga shi, su biyun jikinsu ya yi sharkaf da maiƙon nan. Sauran matan kowa ta ruga da nata ɗaki, ba wadda ta lura. Na wanke su da sabulu, na ba shi nono. Ladi ta yi amai ta kwanta. Shi kuwa bayan azahar ya fara fisge-fisge, jikinsa ya sandare, kumfa na fita a bakinsa. Iya Sikira ta karɓe shi ta ɗura masa manja, bai wuce ba. Muka ruga ɗakin shan magani da ke bayan tasha. Ma'aikacin ya duba idonsa, ya ce sai dai babban asibiti a Ikko, jirgin ƙasa na yamma kuwa sai ƙarfe biyar. A kan bencin tasha ya cika, a cinyata, ina jiran jirgi.

Kafin magariba aka kai shi. Maigidana ya ce da suka haƙa kabarin ruwa ne ya riƙa tasowa, sai da suka kwashe da ƙwarya suka shimfiɗa ganye. Ni ban yi kuka ba. Ina zaune, rigata ta jiƙe da nono, mata suna shigowa suna cewa in yi haƙuri, ina amsawa. A unguwar Yarabawa ma an ce wata tsohuwa tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba.

Da gari ya waye, sama ta sake washewa. Muna zaman makoki a tsakar gida, wajen ƙarfe tara, sai muka ji ƙarar jirgin can ƙarshen gona, inda suka share fili yake tashi. Bai tashi ba tukuna, ana dai ɗumama injin.

Iya Sikira ce ta fara miƙewa. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu da shi, ta ɗauki garwa da muciya ta fita titi tana bugawa, tana ihu da Yarabanci da Hausa: "Ku fito! Zai sake! Ku fito, ko sai ya gama da 'ya'yanmu?" Ban san lokacin da na tashi ba. Taɓaryata tana jingine a bakin rumfa, na ɗauke ta.

Maigidana ya tare ni a ƙofa. "Delu, ina za ki? Koma ciki."

Na ce, "Malam, matsa."

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, ya shiga ɗaki, ya fito da gatarin da yake fasa ƙashi.

Kafin mu kai rafi mun zama taro. Mahauta da wuƙaƙe da gatura, 'yan dakon goro da sanduna, manoman Yarabawa da adduna, mata da taɓare da itacen wuta. Kowa da azumi a bakinsa. Liman ya biyo mu yana ɗaga hannu yana cewa a tsaya a yi shawara, aka ratsa ta gefensa aka wuce. Muka tsallaka rafin, ruwa har ƙugu, matattun kifaye suna gogar mu.

A bakin filin akwai ƙofar waya, bayanta wata rumfar kwano cike da durorin maganin, can gaba kuma jirgin, farfelarsa na juyawa. Mai gadin ƙofar ɗan Zango ne, Baba Ɗanjuma, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ɗingishi. Masallaci ɗaya suke salla da maigidana, jiya-jiya yana cikin waɗanda suka kai Habu. Ya tsaya a tsakiyar ƙofar ya gitta sandarsa.

Ya ce, "Jama'a, don girman Allah ku tsaya! Kada wanda ya kai wuta wajen rumfar can. Abin da ke ciki..."

Mazan da ke gaba suka ɗan ja, don suna jin nauyinsa. Ni ce na ratso ta tsakaninsu. Ya gan ni, ya sauke sandar, ya ce, "'Yata." Na ɗaga taɓaryar da hannu biyu kamar zan yi daka na sauke masa a gefen fuska. Na ji ƙarar ƙashin a tafin hannuna. Ya faɗi, taro ya bi ta kansa.

Baturen da ke cikin jirgin ya diro ya bar injin a kunne, ya ruga ya faɗa wata mota da ke jira, aka bi su da jifa har gilashin baya ya tarwatse. Wani ya cusa gungumen itace a farfelar, ta karye, ɓallin ya tashi ya tsarge wa wani ɗan dako cinya. Sannan aka hau jirgin. Ashe fukafukan ba ƙarfe ba ne, wani yadi ne mai kauri aka ɗame aka shafa wa fenti. Wuƙa ɗaya ta farke shi. Na ga maigidana a tsaye a kan fiffike yana sara da gatari, yana sara yana kuka, shi da bai zubar da hawaye a maƙabarta ba. Ni ma na yi ta dukan jikin jirgin har taɓaryar ta tsage. Leburori biyu da ke ɗura maganin an kama su an yi musu dukan kawo wuƙa, ɗaya ya riƙa nuna hannayensa da fatar ta saɓule yana cewa shi ma abin ya cinye shi, ba wanda ya saurara.

Ban san wanda ya cinna wa rumfar wuta ba. Duron farko da ya fashe ya jefar da ni ƙasa. Murfinsa ya tashi sama, wuta ta watsu tana gudu a kan ruwan da ke kwance a filin. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, warin nan ninki goma, mutane suna tari suna amai suna rarrafe. Zanen Iya Sikira ya kama, muka birgima ta a laka, amma hannunta na dama ya riga ya ƙone har gwiwa.

A haka 'yan sanda suka same mu, mota biyu. Ba su tambayi kowa komai ba. Kulki ne ta ko'ina, a ka, a baya, mace ko namiji. Mahauta suka tsaya suka yi ta maza, aka sari wani ɗan sanda a kafaɗa, sai na ji harbi sau uku. Mamman, wani ɗan dako mutumin Katsina da ke kawo mini itace, ya zauna a ƙasa riƙe da cikinsa yana kallon hannunsa, bai sake tashi ba. Maigidana mutum huɗu suka taru a kansa, na ga hannunsa ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasawa. Na nufe su, wata mata ta fisgo ni ta ja ni cikin koko. Muna gudu ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Kwana goman ƙarshe na azumin nan ban taɓa ganin irinsu ba. 'Yan sanda suka yi kwana uku suna bin Zango gida-gida, suna fasa ƙofa, suna zubar da abinci, suna kwashe duk namijin da suka ga rauni a jikinsa. Aka rufe mahauta da kasuwar goro. Hayaƙin ya bar baƙin toka a kan kowane rufi, ruwan sama ya wanko ta cikin randuna, sai famfon tasha kaɗai ya rage, layi tun daga bakinsa har gindin siginar jirgin ƙasa. A gidanmu tukunya ɗaya muka koma ɗorawa. Kowace mace ta kawo abin da ya rage mata, wannan gwangwanin gari, waccan busasshiyar kuɓewa, a dafa a fara ba yara. Ni nake wanke wa Iya Sikira hannu da ruwan gishiri, tana cije zane. Ladi ta tashi, amma ta daɗe ko ƙarar keken ɗinki ta ji sai ta shige ƙarƙashin gado. Ranar salla ba wanda ya yi ɗinki, a filin idi ma sahu huɗu aka yi.

Aka yanke wa maigidana shekara ɗaya da rabi, shi da wasu mutum takwas. Jirgi bai sake tashi a kan Agege ba. Kamfanin ya koma ba leburori tanki a baya suna bin itace ɗaya-ɗaya, bayan 'yan shekaru ma ya sayar da gonar.

Ni kuwa kullum ina jiran a zo a tafi da ni. Na ji an ce Baba Ɗanjuma bai mutu ba, muƙamuƙinsa ne ya karye, haƙora biyar suka zube, kamfanin kuma ya sallame shi don ya bar mutane sun shiga. Na ji an ce 'yan sanda sun je har gadon asibiti sau biyu suna tambayarsa wa ya buge shi, ya yi musu nuni da hannu cewa bai gani ba. Waɗanda suke kusa da ƙofar ranar sun gani, amma ba wanda ya taɓa ɗaga maganar, ko a tsakaninmu.

Bayan salla da wata guda aka sallamo shi daga asibiti. Ba shi da mata, a wani ɗan shago yake kwana a bayan masallaci, kuma ba ya iya tauna komai. Na yi kwana uku ina dama kunu ina fasa zuwa. Rana ta huɗu bayan la'asar na ɗauki kwanon na tafi.

Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa. Yana zaune a kan buzu, fuskarsa ta karkace gefe guda, an ɗaure haɓarsa da farin ƙyalle.

Na ce, "Baba, ina wuni. Ya jiki?"

Maganarsa ba ta fita sosai, sai na matsa. Ya ce, "Da sauƙi, uwar Ladi. Ya haƙuri?"

Na tura masa kwanon. Na ce, "Baba, ni ce."

Ya ce, "Na sani. Ai ina kallon ki."

"To me ya hana ka faɗa musu?"

Ya ce, "Uban yana kurkuku. In an tafi da ke, wa zai riƙe yarinyar?" Ya goge yawun da ke zubo masa. "Kuma ba gadi kaɗai nake yi ba. Ni nake gara musu duro zuwa bakin jirgi. Na ranar da yaronki ya rasu, ni na buɗe shi da hannuna. Na san warin, na ga abin da ya yi wa leburori, na yi shiru saboda aikina."

A nan kukan da ban yi ba ya zo. Na kifa kaina a dokin ƙofarsa na yi ta yi, shi kuma yana zaune bai ce in daina ba. Da na lafa, na ce ya yafe mini. Ya ce in fara yafe masa. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Ya gyaɗa kai, ya jawo kwanon ya kurɓa ta gefen bakin da ke buɗuwa.

Ya ce, "Ya yi kauri, 'yata. Gobe ki ɗan sirka."

Na sirka na kai washegari, na kai jibi. Shekara shida ina kai masa, har ranar da na je na tarar ya rasu, an fito da shi ana masa wanka. A shekara ta biyu ne, wata ranar Juma'a, na iya ce masa na yafe, ya ce to, ya ci gaba da shan kununsa. Da maigidana ya fito da shanyayyen hannu, ya ga ina wannan hidima, ya yi ta sa mini albarka, yana gaya wa mutane matarsa akwai tausayin tsofaffi. Wani lokaci yakan ce da zai san la'anannen da ya yi wa Baba Ɗanjuma wannan aika-aika da ya tofa masa yawu a fuska. Sai in ce, "Allah ya kyauta, Malam." Har ya koma ga Mahaliccinsa ban gaya masa ba.